Ranar da Yatsun Mama Suka Haɗu

Bana ruwa ya sake yi mana wani tsohon halinsa. Ya sauko da wuri, mutane suka ruga gona, sai ya ɗauke ƙafa kusan wata guda. Ina zaune a barandar gidana a Akurba ina kallon 'yar masarar da na shuka a bayan katanga tana naɗe ganye tun hantsi, sai na ji wani tsoro ya taso mini daga ciki, alhali akwai buhun shinkafa a sito, ga doya jibge a ƙarƙashin rumfa. Ni da likita ya ce in rage ci, ni ce kuma nake tsoron yunwa. Na taɓa ganin irin wannan damina, kuma ashe ba ni kaɗai ce a gidan nake tuna ta ba.

Sunana Rifkatu, malamar firamare ce ni har na yi ritaya. A wani ƙauye da ke gefen Adogi aka haife ni, mu uku wurin Mama: yayana Bitrus, sai ni, sai ƙanwata Talatu. Babanmu manomin doya ne, irin waɗanda in ka yabi 'ya'yansu sai su ce to, in ka yabi doyarsu kuwa sai su ba ka kujera. A shekarar da nake nufi ban fi shekara tara ba, Talatu kuma ba a daɗe da yaye ta ba.

Ruwan farko ya zo tun mangwaro bai gama nuna ba. Da rana tsaka sama ta yi baƙi, iska ta kwashe shanyar Mama, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Kwana biyu bayan haka aka yi gayya a gonarmu. Maza a jere da garma suna tayar da tudun doya, ana kiɗa ana waƙa, mata na biye da tulunan kunu da burukutu. Baba ya zauna a gindin ɗorawa yana yanka iri, yana shafa wa kowane yanki toka. Mu kuma mu kwasa mu kai wa masu binnewa, mu ɗora wa kowane tudu 'yar hular ciyawa don kada rana ta ƙona shi. Ranar an ci sakwara har aka bar wa karnuka.

Sau biyu aka ƙara ruwa, daga nan shiru. Zafin ƙasarmu kuwa wanda ya sani ya sani, ba a fata yake tsayawa ba, sai ya shige ka ya zauna. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mata su fito da tukwane su jera a bakin rufi, sai wata iska mai ɗumi ta zo ta watsa shi. Mu muna roƙon ruwa a coci, maƙwabtanmu Musulmi suna fita nasu roƙon. Wata safiya na raka Baba gona, na ga ya tura hannu cikin tudu ya zaro iri. Ya yi laushi kamar an dafa, ga wari. Ya tona na biyu, ya tona na uku, bai kai na goma ba ya zauna a ƙasa ya cire hularsa.

Da ruwa ya dawo, Baba ya tsaya a bakin rumfar doya yana kallon abin da ya rage, Mama na bayansa da Talatu a goye. Da yarenmu suka yi maganar, amma ga abin da suka ce.

"Sai mu yanka wannan," in ji Baba.

Mama ta ce, "Wannan na ci ne. In ka yanka, me yara za su ci?"

"In ban yanka ba, baɗi me za su ci?"

Mama ta gyara goyon Talatu. Ita da kanta ta je murhu ta kwaso masa toka.

Yunwa ba rana ɗaya ta shigo mana ba. Turmin sakwara ne ya fara yin shiru, Mama ta kife shi, kaji suka mai da shi wurin hawa. Sai tuwon dawa ya koma sau ɗaya a yini. Sai malmala ta fara ƙanƙancewa, miya tana yawa. Da safe kunu ne tsararo, kana sha kana hango gindin ƙoƙo. Mangwaro ya ƙare, muka koma dama garin ɗorawa a ruwa, bakinmu ya yini rawaya. Da kaɗanya ta fara zuba, rige-rige muke yi da awaki wajen tsinta. In an yi ruwa shinge ya tashi, wato garar nan mai fiffike, ranar salla ce, Mama ta soya mana shi da ɗan gishiri. Amma abin da ya riƙe mu na gaskiya ganye ne: rama, tafasa, zogale, ganyen wake. Mama ta tafasa, ta matse, ta barbaɗa ɗan riɗi in akwai. Ciki zai cika tam, amma kafin ka je rafi ka dawo ya sake kira.

Ciyawa kuwa ba ruwanta da yunwar kowa. Ruwa ya yi ta zuba kamar mai neman gafara, gonaki suka rufe, dole a yi noma. An daina gayya da kiɗa, don ba mai abin ciyar da jama'a. Aka koma yau gonar wannan, gobe gonar wancan, kowa ya zo da abin da zai sa a baki. Lokacin hutu, wanda bai zo da komai ba sai ya ce zai zaga daji, ba mai binsa da ido. In ya dawo yakan tarar an bar masa ɗan wani abu a kan ganye kusa da fartanyarsa, kuma ba mai cewa shi ya ajiye.

A wannan damina ce Mama ta ƙirƙiro awonta. Kullum kafin ta raba tuwo sai ta ce mu miƙo hannu. Ta zagaye tsintsiyar hannun kowa da babban yatsa da na tsakiya, ta ɗan runtse ido. Ta san inda yatsanta ya tsaya wa kowa a makon jiya. Wanda hannunsa ya fi zamewa, shi ke da ƙanzon tukunya da ƙarin ludayin miya. Bitrus yakan langaɓe kai ya yi kalar tausayi kamar kazar da ruwa ya daka, Mama ta dungure shi ta ce, "Hannu nake aunawa, ba fuska ba." Ni ce nake yawan cinyewa, don dama tun asali ba ni da jiki, Tsinke ake kirana. Ina jin kunyar faɗa, amma murna nake yi da ramata, har nakan yi wa Bitrus gwalo da ƙanzo a baki.

Wani lokaci mukan ce, "Mama, naki fa?"

Sai ta ce, "Na ci wurin tuƙi."

Mun yarda, don yaro mai jin yunwa ba ya son dogon bincike.

Talatu ma ana auna ta, amma ita kullum hannunta cike yake. Kumatunta sun yi bulɓul, ƙafafunta sun yi kauri, har mata na cewa wannan yarinya yunwa ba ta san da ita ba. Gashinta dai ya yi ja, ta daina wasa, ta cika ƙananan koke-koke. Masara ta fara goyo ke nan ƙyanda ta shigo ƙauyen. Mu duka uku muka kwanta, ni da Bitrus muka tashi. Talatu kwana biyar ta yi. Aka binne ta a bayan gida da safe cikin yayyafi, Baba ya wuce gona daga nan don ranar aikin gonar maƙwabcinmu ne. Sai da na girma na shiga kwalejin malamai na ji ana bayanin irin wannan kumburi na yara, na gane ba ƙiba ba ce, yunwa ce ta fi tamu tsanani. Ban taɓa faɗa wa Mama ba.

Mako biyu bayan haka muka gasa masarar farko. Da sabuwar doya ta fito, Mama ta tayar da turmi, ta wanke shi, ta daka sakwara. Ta ajiye mini malmalar da ta kusa kai kaina girma, ta zauna a gabana har na cinye. Daga ranar ba ta ƙara bari na tashi daga kwano da sauran wuri a cikina ba.

Ni ma ban yi gardama ba, gaskiya. Na yi karatu, na yi aure a Lafia, na fara ɗaukar albashi. Haihuwa uku, kowace ta bar mini tsarabarta a jiki. Sakwara da miyar agushi, teba, shinkafa da mai yana ninƙaya a kai, burodi da shayi mai kaurin madara, minaral mai sanyi bayan an tashi makaranta. A wurinmu kuwa in mace ta yi jiki cewa ake yi ta samu hutu, mijinta na ƙoƙari. Duk zuwan da zan yi ƙauye, kafin in ajiye jaka Mama ta kama tsintsiyar hannuna. Ranar da yatsunta suka kasa haɗuwa, guɗa ta rangaɗa, ta kira maƙwabta su zo su ga Tsinke. Bayan Baba ya rasu, yanar ido ta rufe mata gani, na ɗauko ta ta dawo wurina a Akurba. Kullum da safe in na shiga gaishe ta, sai ta laluba ta kama hannun nan. Da shi take ganina.

Gwiwa ce ta fara kai ƙarata. Matakalar cocinmu guda huɗu ce, amma sai na tsaya a ta biyu kamar ina gaisawa da wani. Sai ƙishirwa da yawan zagawa. Likita ya duba takarda ya dube ni, ya ce suga ya hau, jini ya hau, gwiwa kuma ta gaji da dako. Ya ce in ban sauke kitsen nan ba, magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, ido da ƙafa za su iya shiga ciki. Ba sai ya yi dogon bayani ba. Akwai wadda muka yi koyarwa tare, na je duba ta bayan an yanke mata ƙafa, na ga yadda zani ya kwanta a wurin da babu komai.

Nan na shiga neman dabara, kuma na yi wauta iri-iri. Wata 'yar zumuntar matan cocinmu ta kawo mini shayin rage ƙiba, ta rantse a sati ɗaya zan ga aiki. Na gani kuwa: kwana uku tsakanina da bayan gida ba nisa, har maigidana, Baban Alheri, ya ce ko a kai mini katifa can. Da na daina, abin da ya tafi ya dawo, ashe ruwa ne kawai. Sai 'yata Alheri ta bugo daga Abuja.

"Mami, abeg ki bar tuwo kwata-kwata. Ba sakwara, ba teba, ba shinkafa. Ƙwai, nama, kifi, shi ke nan. Kowa a ofis ɗinmu shi yake yi."

Sati uku na yi ina cin ƙwai har na fara jin haushin kaji. Sikeli ya sauka, ba ƙarya. Amma 'yar manomin doya ce ni, barci nake yi ina mafarkin turmi. Aka gayyace ni wani biki a Assakio, aka buɗe kula, tururin sakwara ya bugi fuskata. Abin da ya faru a wurin ba na son a tuna mini. Bayan wannan na gwada yini ba ci sai yamma, sai ya zama da yamman nakan ci na mutum uku. Kowace dabara ta sauke mini kaɗan, in na saki kuma ƙibar ta dawo da 'yan rakiya.

Wadda ta fitar da ni wata nas ce a asibitin da nake zuwa awo, dattijuwa 'yar cikin gari, kowa Hajiya yake ce mata. Ta saurari tarihina tana dariya har da share hawaye.

Ta ce, "Malama, ke kina zaɓen abin da za ki yi na sati biyu ne. Ki zaɓi wanda za ki iya ci har jikokinki su yi aure."

Ta jawo wani faranti da take ajiyewa a aljihun tebur, ta raba shi da yatsa. Rabi ganye. Gefe guda wake ko kifi. Tuwo ko doya daidai dunƙulen hannuna, ba na maigida ba. Mai a auna da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Minaral a bar wa baƙi. Da safe in taka ƙafa kafin rana ta yi zafi.

"Wane ganye?" na tambaya.

"Wanda kika sani mana. Rama, zogale, alayyafo, ganyen wake. Ko tafasa in kin samu."

Na ji raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, wannan ai abincin yunwa ne. Na ci rabona tun ina yarinya."

Ta daina dariya, ta dube ni sosai. "Lokacin akwai kifi a gefe? Akwai wani a tukunya in kin so ƙari? To ba shi ba ne. Kamanni ne kawai."

Ranar farko da na tafasa rama a kicin ɗina, warin ya mai da ni ƙauye tsaye, na jingina da firij na yi kuka. Amma na matse ta, na sa riɗi da albasa da ɗan kifi, na ci, kuma abin haushi ta yi daɗi. Bayan Kirsimeti na fara. Ba wata saukar gaggawa, wani watan ma sikeli ya ƙi motsi. Sai dai ba na kwana da yunwa, ba na mafarkin turmi, don doyar ma ina ci, yanka biyu. Kafin ruwan bana ya sauka na kai siket uku wurin tela a rage mini su, ina hawa matakalar coci ba tare da na gaisa da kowa ba. Hajiya ta duba suga ta ce, "Yauwa, 'yar gari."

Ana cikin ɗaukewar ruwan nan ne, wata safiya na shiga gaishe da Mama. Ta kama hannuna yadda ta saba, sai na ji babban yatsanta ya taɓa na tsakiya. Ta saki, ta sake kamawa. Ta gwada ɗaya hannun.

"Rifkatu, wa ya ɓata miki rai?"

"Ba kowa, Mama."

"Baban Alheri ba ya kawo cefane?"

Na yi dariya, na yi mata bayanin likita da suga da gwiwa. Ta saurara har na gama.

"Likita ya ce ki rame? Wane irin likita ne wannan?" Sai ta rage murya. "Doya ta ƙare, ko? Ki gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ne."

Sai a lokacin na duba gidana yadda wadda ba ta gani take jin sa. Ruwa ya yi makonni bai taɓa kwanon rufi ba. Turmi ya yi shiru, don tunda na rage sakwara maigida ma ya bi ni, ita kuma dama tuwo mai laushi take so. Kullum warin rama da zogale ne ke tashi daga kicin. Ga hannun Tsinke ya zame. Duk alamun da ta sani sun cika, ba wadda ta rage.

Daga ranar Mama ta fara mai do da abinci. Ta ɗan taɓa ta ce ta ƙoshi. Na fara tsintar nama ƙulle a leda cikin jakata ta zuwa coci, wani lokaci a ƙarƙashin matashina, ban san yadda take lalube ta kai ba. Na kama hannunta na kai ta sito, na ɗora tafinta a kan buhun shinkafa, na kai ta rumfa ta shafa doya ɗaya bayan ɗaya. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ya yi kyau. Iri ne, kada ku taɓa." Na sa Bitrus ya bugo daga ƙauye ya ce mata gona lafiya, ta ce mun haɗa baki. Ranar da hankalina ya tashi sosai ita ce ranar da na kai mata tuwo ta ture, ta ce, "Ki ci. Ni na ci wurin tuƙi." Matar da ta fi shekara biyar ba ta riƙe muciya ba.

Baban Alheri ya ce, "Ki ɗan koma cin sakwaran nan na sati biyu mana, hankalinta ya kwanta. Tsohuwa ce fa."

Na gwada. Kwana biyu na zauna kusa da ita ina cin malmala irin ta da, ina tauna da ƙarfi don ta ji. A rana ta uku na tashi ina gani dishi-dishi, na auna suga na ga ya yi sama. Hannun kuwa bai cika ba, ba a kwana biyu yake cika ba. Na zauna a bakin gado na rasa abin yi. In na koma cin da, ina iya bin sawun abokiyar aikina. In na ci gaba, tsohuwar nan za ta kashe kanta da yunwa a gidan da abinci ya yi yawa, don ta bar mini rabonta. Zaninta har ya fara kwancewa da kansa.

Ran Alhamis da azahar hadari ya haɗu, wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Na shiga kicin na tuƙa tuwon dawa, na bar shi a wuta da gangan har ya kama. Na kankare ƙanzon na jiƙa shi a miya ya yi laushi, don haƙoran Mama saura kaɗan. Na zuba komai a babban tire ɗaya, na shimfiɗa tabarma a ɗakinta, na zaunar da ita. Ruwa ya fara dukan kwano, ta ɗaga kai tana saurare.

Na ce, "Mama, kafin a raba, awo."

Ta miƙo hannu tana neman nawa. Na ba ta, yatsunta suka haɗu, ta ja numfashi.

"Saura naki," na ce. "Yau kowa za a auna."

Ta so ta janye, na riga na kama. Na zagaye tsintsiyar hannunta da yatsuna biyu. Babban yatsana ya wuce farce, ya wuce gaɓar farko, bai tsaya ba sai a ta biyu. Fata ce kawai da ƙashi, da wata jijiya tana bugawa a hankali. Shekara nawa tana riƙe hannuna, ban taɓa riƙe nata haka ba.

"Mama, a waccan shekarar wa ya auna naki?"

Ta sake ƙoƙarin janye hannun, ban saki ba.

"Dokarki ce, ba tawa ba. Wanda ya fi zamewa shi ke da ƙanzo." Na ɗauki tafinta na bi da shi gefena na tire. "Taɓa ki ji. Ga rama, ga wake, ga kifi guda sukutum, ga tuwo. Duka zan cinye a gabanki, in ban ƙoshi ba akwai saura a tukunya. Ba yunwa a gidan nan."

"Amma hannunki ya ragu," in ji ta.

Maganar Talatu ta zo mini har bakin harshe. Ita ce kaɗai amsar da nake da ita, kuma na san in na faɗa zan karya mata zuciya. Na haɗiye. Ruwa na ta zuba, ƙamshin ƙasa na shigowa ta taga.

Sai Mama ta ce, "Na Talatu bai ragu ba."

Na ɗago na dube ta.

"Kullum yana cika mini yatsa. Na ce wannan tana lafiya, na ba ki ƙanzo." Ta shafa gwiwarta a hankali. "Ranar da muke mata wanka na ƙarshe, na danna ƙafarta, wurin ya lotsa bai taso ba. Tun ranar na sani. Amma ni ba ni da wani abin awo, Rifkatu. Shi ke nan abin da nake da shi."

Ashe duk shekarun da nake ɓoye mata, ita ma ɓoye mini take yi. Na riƙe hannun nan da hannuwana biyu, na yi kuka kamar ba ni ce mai jikoki ba. Ita ba ta yi ba, idanunta dai sun jiƙe.

Da na share hawaye na ce, "Yanzu akwai wani abin awon, Mama. A asibiti jini suke dubawa. Ran Talata ki raka ni, akwai wata Hajiya, ta gaya miki da bakinta ko ina lafiya."

Can ta ce, "Wannan Hajiya, tana da jiki?"

"Tsaka-tsaki."

"To, za mu ji." Ta laluba bakin tire. "Ina ƙanzon? Kin sa masa gishiri dai ko?"

Ta ci da hannun dama, na hagu yana riƙe da tsintsiyar hannuna, tana saurare ko da gaske ina taunawa. Na cinye gefena tas, ita ma ta cinye nata, har ta ce miyar ta ɗan yi tsami.

Masarar bayan katanga ta farfaɗo, yanzu haka ta fara goyo. Mun je wurin Hajiya, sun yi hira ta fi awa ɗaya, rabinta a kan yadda ake gyara rama. Tun daga ranar a tire ɗaya muke ci, kuma ran Lahadi nakan sa a daka 'yar sakwara kusa da tagarta, kowa dunƙule guda. Har yau in na shiga gaishe ta da safe sai ta kama hannuna. Yatsunta suna haɗuwa, takan ɗan yi tsaki. Daga nan sai ta saki, ta miƙo mini nata.